Kaset ɗin Kaka Dudu

Yelwa, 9 ga Mayu, 1993

Zuwa ga aminiyata Ladidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa Lagdo lafiya, ke da Baba da Inna Halimatu da ƙannenki. Ya baƙunta, ya ƙasar Kamaru?

Kwana uku da tashinku na karɓo kaset ɗin bikin Yaya Asabe daga hannun Cindo mai bidiyo. Ranar Asabar malamarmu ta bar ni na saka shi a ɗakinta, inda muka saba kallon fim ɗin Indiya. Kin tuna kina cewa su suna da duwatsu da furanni, mu kuwa ba abin ɗauka a ƙasarmu sai kifi? To na ga bakin ruwan Warra a talabijin, jirage a jere, mata suna wanke-wanke, sai hawaye suka zubo mini, ban san dalili ba. Kuma akwai kakarki Dudu, Allah ya jiƙanta, a cikin jirgi tana nuna inda gungunsu, wato tsibirin garinsu, yake kafin ruwan dam ya rufe shi.

In an yi hutu zan kai shi gida Warra a ajiye har a sami mai zuwa wajenku. Ki gaida kowa.

Taki,
Hasiya

Lagdo, 20 ga Yuni

Malama Hasiya sarkin kunya,

Wa alaikumus salam. Wato kin kalli bikin yayata kafin ni, har kina ba ni labari! Allah ya isa tsakanina da ke.

Nan akwai kifi, ba ƙarya, amma ruwan ba namu ba ne. A kasuwa Fulatanci, a makaranta Faransanci, ni dai na zama kurma. Baba ya ce sai mun yi shekaru kafin a koma. Ba ya maganar gida ko kaɗan, amma da na karanta masa wasiƙarki sai ya ajiye komar da yake ɗinki ya ce, “Ta yi magana a ciki? Ana jin muryarta?” Kin san ba mu da hoton Kaka ko guda, ba ta yarda a ɗauke ta ba sai ranar nan.

Kawu Basiru zai zo Yauri a watan Agusta ya dawo. Ki ba shi kaset ɗin hannu da hannu. Maƙwabcinmu yana da bidiyo.

Taki mai tsokana,
Ladidi

Yelwa, 12 ga Satumba

Aminiyata Ladidi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Damina ta yi ƙarfi bana, ruwa ya hau har gindin tsamiyar da muke zama.

Kawu Basiru ya zo makaranta, amma ban samu na fito ba, muna jarrabawar gwaji. Allah ya kawo wani lokacin.

Mun kalli wani fim jiya da rana. Aminai biyu suka ɓata, ɗaya ta yi waƙa cikin ruwan sama, ɗayar ta ji daga nesa ta taho da gudu, shi ke nan suka shirya. 'Yan ajinmu suka yi ta tafi. Ni kuwa na zauna ina tunanin a fim kawai ake samun wannan sauƙin. Tun da kika tafi ba na zama da kowa a layin gaba. Ladidi, ko me aka ce miki a kaina, ki tuna tun muna aji ɗaya a firamare muke tare.

Ki gaida su Inna.

Taki,
Hasiya

Lagdo, 30 ga Oktoba

Hasiya,

Salamu alaikum. Ban tambaye ki labarin fim ba. Kawu ya ce sau biyu ya tsaya a ƙofar makarantarku, aka ce kina nan, ba ki fito ba. Ya je Warra, innarki ta rufe fuska da gyale ta ce a tambaye ki. Ranar da ya dawo Baba ya sa an share tsakar gida, an aro bidiyon, mutanen Yauri da ke nan duk sun taru. Kawu ya sauko hannu banza. Baba ya tashi ya tafi bakin ruwa.

Ke ba ki iya ƙarya ba ko a takarda. Ina kaset ɗin kakata?

Ladidi

Warra, 19 ga Disamba

Zuwa ga Ladidi,

Assalamu alaikum. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Kaset ɗin ya lalace, kuma ni ce sanadi.

Da na kawo shi gida na ce wa Inna danshi ne babban abokin gabarsa, ta sa shi inda ruwa ba ya zuwa. Ban ƙara mata ko kalma ba, na koma makaranta. Kin san inda muke kai duk abin da muke tsoron danshi da gara su ci: rufin rumfar bandar kifi, wajen irin masara. Ta naɗe shi a tsumma ta rataye can, wuta tana ci a ƙarƙashinsa tsawon watanni. Da na zo a watan Agusta na kwance, robar ta lanƙwashe, zaren ya manne. Inna ta ce, “Ɗiyata, ai nan ne wuri mafi daraja da nike da shi.” Gaskiyarta ce, ni ce na yi karatu ban yi bayani ba. Na je wajen Cindo, ya ce nasa na asali ya daɗe da ɗora wani biki a kai.

Sau ɗaya na kalla, kuma a danginku ba wanda ya kalla. Ga abin da na gani, ki karanta wa Baba in kin ga dama. Kaka tana zaune a gaban jirgi da zane shuɗi, ta ƙi cire faifan da ta kare rana da shi. Ta ce wa mai tuƙi, “Tsaya nan, kana kan ɗakin uwata.” Kowa ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta nuna hannun dama ta ce nan rumbuna suke, can kuka, can inda aka binne cibiyar Baba. Ta ɗebi ruwa ta shafa a fuska, ta yi waƙar tuƙi da yarensu na Gunganci. Ta dubi na'urar ɗaukar bidiyon ta ce, “Ku gaya wa jikokina suna da gari, ruwa ne kawai ya zauna a kai.”

Ba na neman ki yafe yanzu. Amma kada ki daina rubuto mini, ko zagi ne.

Taki in kin yarda,
Hasiya

Lagdo, 2 ga Fabrairu, 1994

Hasiya,

Wa alaikumus salam. Na yi fushi, kuma bai gama sauka ba. Watanni huɗu kika bar mu muna jira.

Na karanta wa Baba. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce kukar tana hannun hagu, ko ke kika manta ko Kaka. Ƙannena yanzu suna tambayar yaushe za a kai su ganin gari a ƙarƙashin ruwa, kuma bai hana su ba.

Kawu zai zo bayan salla. Ki fito ki gaishe shi, ki ba shi kaset ɗin a cikin tsumman nan, kada ki wanke. Baba ya ce ko hayaƙin Warra ne a kawo masa ya shaƙa.

Ki gaida Inna, ki ce ta buɗe fuskarta.

Ladidi