Lambar Shaidar Karatuna Tana Hannun Takwarana

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah a jinkirta zagin sai an kai ƙarshe. Na riga na yi wa kaina mafi yawansa.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi mai rassa a Gaya da Ajingi. Da yake ina taɓa kwamfuta, aka ba ni aikin shigar da bayanan malamai. Don iyayi na kafa mata sharaɗi: kada ta karɓi lambar takardar shaidar karatu sai ta duba ko wani ya riga ya zo da ita. Har jawabi na yi wa shugabanni kan amana. Da na zo shigar da tawa, sai ta ce akwai mai wannan lambar. Wane ne? Ɗan baffana, malami a reshen Ajingi. Sunan kakanmu aka sa mana mu biyu, kuma kowa da sunan garinmu yake rufewa, don haka a takarda mutum ɗaya ne mu. Ashe lokacin da ya karɓi takarduna wai zai sa min su a ledar adanawa, kwafi ya ɗauka.

Na hau babur na same shi. Ya riƙe hannuna yana hawaye: "Takwara, ka rufa min asiri. In Baffa ya ji ban gama kwaleji ba, hawan jininsa zai kai shi ƙasa." Baffan nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. To me na yi? Na bar masa lambar gaskiya, na sauya alƙalami ɗaya a tawa don kwamfutar ta yi shiru. Malamin lissafi, ya zauna ya kuskure lamba da gangan!

Yanzu makaranta ta aika lambobin zuwa kwalejin da na yi don a tantance. Tasa ta dace da abin da ke can. Tawa ba a san ta ba. An dakatar da ni, iyayen yara kuma sun fara amsa gaisuwata a taƙaice.

Na kira shi na ce ya zo mu faɗi gaskiya. Kun san amsarsa? "Haba Malam, ni fa kwamfuta ta wanke ni. Kuma wa ya taɓa lambar, ni ko kai?" Jiya na ji a majalisa yana cewa shi ma ya yi mamakin halina, a taya ni da addu'a.

Takardar asali tana cikin akwatina, da hotona a fayil ɗin kwaleji. In na fito da ita na tsira daga sunan mai jabu, amma na amsa na maha'inci, kuma labari ya isa kunnen Baffa. In na yi shiru, shi ne ni har abada.

Jama'a, me zan yi?