Ɗacin Bakin Zakariyya'u

Makera, Kaduna
Yuni, 1999

Aminiyata Hafsat,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya damina a Funtuwa?

Hafsat, raina a ɓace yake. Kin san ni da girki, ba a taɓa kushe hannuna ba, amma yanzu komai na dafa sai mijina Zakariyya'u ya ce da ɗaci. Ranar da sojoji suka miƙa mulki unguwa ta cika da murna, na yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe. Loma ɗaya ya yi ya ture kwanon. Na zubar da daddawata, na sake tukunya, duk a banza. Har kunun gyaɗa wai ɗaci!

Ga wasu ƙuraje sun feso masa a leɓe. Na tabbata barkonon masu tuwon ƙofar kamfaninsu ne a Kudenda, can yake cika cikinsa. Ina son mutumin nan, amma in ya ƙara ture mini kwano, gida zan tafi. Kada ki gaya wa Innata tukuna.

Taki har kullum,
Ummi

Makera, Kaduna
Yuli, 1999

Hafsat tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kowa lafiya. Don Allah ki yaga waccan wasiƙar.

Na riga na ɗaure kayana sai ga shi an kawo shi daga aiki yana rawar sanyi, ko tsayuwa ba ya iyawa. Maƙwabciyata Juliana ta taya ni kai shi asibiti a Barnawa. Likita ta duba harshensa, ya yi fari fat, ta ga ƙurajen leɓen, ta tambaye ni ko yana kukan ɗacin baki. Kunya ta rufe ni. Aka gwada jini, zazzaɓin cizon sauro ne, ya ci jikinsa sosai. Ashe ɓoyewa yake yi don kada a sallame shi daga aiki, kuma ba inda yake cin komai. Na yi kuka, Hafsat. Da na tafi, wa zai kula da shi?

Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, mun kuma ɗaura gidan sauro. Jiya na yi miyar kuka, ya cinye tas har da suɗe kwano, sannan ya ce gishiri ya ɗan yi yawa. Na ɗanɗana, wallahi gaskiyarsa ce. Ban taɓa jin daɗin a kushe mini miya ba sai jiya.

Ki gaida Inna da yara.

Taki mai ƙaunarki,
Ummi