Makullin babur yana jakata

Maigida,

Na fita aiki, ban so in tashe ka ba. Na yi rubutun manya-manya don kada ka wahala.

Jiya na ga ka tsiyaya shayi a gefen kofi, ka ce hannu ne ya goce. Ba hannu ba ne. Tun da ka faɗi a babur ka bugu a kai, sai ka rufe ido ɗaya kake iya zura zare a allura.

Ƙaninka zai zo da hantsi ya kai ka wajen likitan ido. Don Allah ka faɗa wa likita gaskiya, ban da "da sauƙi".

Makullin babur yana jakata, kada ka nema. Yi haƙuri. Gara fushinka da wata faɗuwar.