Sikon ɗin da Ba Mama ce Ta Gasa Ba

Pendeen, Cornwall
Lahadi, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Tamsin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alistair da yara. Allah ya raya su Elowen, ya sa karatun da suke yi ya amfane su. Mu nan da sauƙi. Sanyi da iskar teku sun hana mu sakat tun Kirsimeti, gwiwata kuma kin san halinta, in hadari ya haɗu ita ke fara gaya mini kafin rediyo. Yaya Denzil ya warke daga murar da ta kwantar da shi. Mama na cin abinci, tana barci, jikinta kam ba abin da ya same shi. Na ga hotunan da kika turo kuna shan rana a bakin ruwa can New Zealand, madalla. Na kuma ga dogon saƙonki na abincin da ke gyara ƙwaƙwalwar tsofaffi, da shawarar in riƙa kunna wa Mama waƙoƙin da. Na gode, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa yau na ajiye waya na ɗauki biro, don a waya kullum sauri kike yi, ni kuma maganar da ke bakina ba ta sauri ba ce.

Kin san tun kaka mantuwar Mama ta ƙaru. Sau biyu tana barin gas a kunne, ranar nan kuma maƙwabta suka tsince ta a tashar bas da silifa, wai tana jiran Baba, mutumin da muka binne yau shekara goma sha ɗaya. Tun daga ranar Yaya Denzil ya kafe sai an kai ta gidan kula da tsofaffi a Penzance. Ni na ce ba da ni ba. A gidan nan aka haife ta, kuma tun hankalinta na jikinta ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawari ba zan bari a fitar da ita ba. Abin da nake nema kaɗan ne, a ba mu mace ɗaya da za ta riƙa zuwa da safe ta taya ni wanka da shiri, ni ma in sami sararin numfashi. Ofishin da ke kula da wannan ya ce zai turo ma'aikaciya ta ga Mama da idonta, ita za ta yanke ko gida da mai taimako, ko gidan tsofaffi. Aka tsayar da Asabar ɗin makon jiya, ƙarfe goma na safe, don Yaya Denzil ya samu zuwa.

Da na ji Asabar sai dabara ta faɗo mini. Shekara sittin Mama ba ta tsallake Asabar ba ta gasa sikon ɗin karin kumallo ba, ƙananan burodin nan masu laushi, sai bara da na karɓe ta. Na ce a raina, ko kai ya manta hannu ba ya mantuwa, bari baƙuwar ta zo ta tarar da Mama ta yi abin da ta fi kowa iyawa a garin nan. Ƙarfe takwas na jera mata fulawa da bekin foda da madara, da bota mai sanyi daga firji. Tamsin, da kin ga fuskarta. Ta ɗaura tsummanta na girki, ta ture ni da gwiwar hannu, ta ce in matsa can, hannuna zafi gare shi tun ina yarinya, narkar da bota kawai na iya. Ta murje botar a fulawa da bakin yatsu, a hankali, tana ɗagawa tana saki, daidai yadda ta koya mana. Har na fara godiya ga Allah a zuci. Tana zuba madara kuwa sai ta hau kirɓa ƙullin kamar na burodi, ta danna, ta ninke, ta sake dannawa, ta fi minti goma. Matar da in kika taɓa ƙullinta fiye da sau uku sai kin ji cokali a bayan hannu. Na ce Mama ya isa haka. Ta harare ni ta ce tsakanin ni da ita wa ya koya wa wani. Da ta zo yankawa da bakin kofi, maimakon ta danna ta ɗaga, sai ta riƙa murzawa. Suka fito daga tanderu a shafe, ba su tashi ba ko kaɗan, da tauri kamar duwatsun bakin teku. Na ciji ɗaya, saura ƙiris in bar haƙorina a ciki.

To ga abin da na yi, kuma ban gaya wa kowa ba sai ke. Na lallaɓa ta ta hau sama ta canza riga. Kafin ta gama neman ɗan kunnenta na haɗa wani ƙullin na jefa a tanderu, nata kuma na juye su a bokitin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke na rufe da jarida. Da ta sauko ta ga nawa sun tashi ɓul-ɓul suna tururi, sai ta tafa hannu ta ce, na gani ko, hannunta bai tsufa ba. Na ce na gani, Mama.

Ma'aikaciyar ta zo kan lokaci, Misis Hargreaves sunanta, mutuniyar can arewacin ƙasar nan ce wajen Leeds, mai fara'a, ba ni da abin da zan ce a kanta. Yaya Denzil ya biyo bayanta fuska a murtuke. Mama kuwa kin santa da baƙi, nan take ta zama Mamar da, ta karɓi rigar sanyin matar, ta zaunar da ita kusa da wuta. Da aka tambaye ta yau wace rana ce, ta yi dariya ta ce ranar sikon mana, in ba Asabar ba wa ke kunna tanderu da sassafe. Aka tambaya wa ya gasa, ta ce ita. Matar ta dube ni, ni kuma na buɗe bakin nan nawa na ce da hannunta, tun daga awo har fitarwa. Matar ta rubuta. Sai Mama ta ɗauki sikon ta raba biyu, ta ɗebi kirim ɗin madara ta shafa a ƙasa, sannan ta ɗora jam na 'ya'yan itace a kai. Kirim a ƙasa, Tamsin, jam a sama, irin na maƙwabtanmu mutanen Devon. Kofin Yaya Denzil ya tsaya tsakanin tebur da bakinsa. Wannan fa Mama ce da ta ture faranti a bikin ɗan ƙanwarta a Exeter can Devon, ta ce sai mai kunyar kirim ɗinsa ke ɓoye shi ƙarƙashin jam, mu a nan jam muke fara shafawa, kirim ya hau sama kowa ya gani. Baƙuwar ba ta san komai ba, har kwaikwayonta ta yi, ta tambaya ko haka ake yi a Cornwall. Mama ta ce ƙwarai, haka uwarta ta koya mata. Ban yi kuka ranar gas ba, ban yi ranar tashar bas ba, amma wannan ya soke ni har sai da na tashi na shiga kicin da sunan ƙaro ruwan zafi.

Yaya Denzil ya biyo ni da butar shayi, ya buɗe bokiti zai zubar da ganye, ya ɗaga jaridar. Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a tebur, ƙwas ƙwas, yana kallona. Ya ce Loveday, ke da Allah, wa kike yaudara. Na ce ya rage murya. Ya ce ba zai tona ni gaban baƙuwa ba, ba a haife shi da wannan halin ba, amma tunda na rantse Mama lafiyarta ƙalau, to in riƙe abata, shi ya gama, kada in ƙara sa ran ganinsa Talata da Alhamis da yake zuwa taya ni. Na ce dama abin da yake nema ke nan, tun tuni matarsa ke ƙorafin yana wari irin na tsofaffi in ya koma gida. Bai kamata in faɗa ba, amma na faɗa. Ya share ido da bayan hannu ya ce, jam a sama, Loveday, uwarmu ce fa ta sa jam a sama, ke ma kin gani. Ya koma falo ya yi sallama da matar cikin ladabi ya fita, har yau bai dawo ba.

Ranar Alhamis takardar ofishin ta iso. Sun ce dattijuwar da ke iya awo, ta kunna tanderu, ta gasa, ta karɓi baƙi ba tare da taimakon kowa ba, ba ta bukatar gidan tsofaffi, kuma a yanzu ba ta bukatar mai taimako. Za su sake dubawa nan da shekara guda. Garin gyaran gira na rasa ido. Na hana a fitar da ita, na kuma kori duk wanda zai taya ni riƙe ta, da Yaya da na ofis gaba ɗaya. Shekaranjiya ta ɗora butar lantarki ta roba a kan gas, Allah ya taimaka ina kusa. Yanzu ko kanti ba na iya zuwa sai na kulle ta a ciki, uwata, kamar akuya. Shekarata sittin da uku, Tamsin, na gaji, kuma ina jin haushin kowa. Ina jin haushin Yaya, amma shi ko ba komai ya wanke mata zanin gado da hannunsa. Ina jin haushin kaina. Ke ma ina jin haushinki, gara in faɗa miki da a ce kin ji a bakin wani. Shekara goma sha tara da tafiyarki, sau biyu kika taka ƙasar nan, kullum sai furanni ranar haihuwarta da shawara ta waya, Mama kuma ba ta da 'yar kirki sai ke.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba zan maimaita ba. Ki zo ki zauna da mu wata uku, mu riƙe ta tare, ko Yaya ma zai huce in ya gan ki. Yaranki sun girma, Alistair ya iya dafa wa kansa ƙwai. In bikin Ista ya zo ba ki zo ba, ni da kaina zan kira Misis Hargreaves in gaya mata wanda ya gasa sikon ɗin nan. Kin san abin da zai biyo baya. Ni ce zan haɗa mata akwati, ni ce zan riƙe hannunta zuwa mota, ni ce za ta kalla. Ba na so in yi wannan ni kaɗai, kuma ba na so ki ce daga baya ba wanda ya gaya miki.

Ki gaishe mini da Alistair, ki ce ina masa sannu da aiki. Ki gaishe da Elowen da Jory, ki ce innarsu Loveday na sa musu albarka. Ki miƙa gaisuwata ga surukarki Misis Farquhar, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Maƙwabciyarmu Wilmot na gaishe ki. Ɗazu na gaya wa Mama ke nake rubuta wa. Ta ce in gaishe ki, in kuma ce miki kada ki tsaya wasa a hanya in an tashi makaranta, ruwa zai sauko kuma ba ki ɗauki laima ba.

Allah ya tsare ki, ya nuna mini fuskarki.

Yayarki,
Loveday