Motar da Ta Durƙusa

Zuwa ga ƙanena Suma'ila,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Yaya Zuliha da yara? Mun ji bana ma damina ba ta yi ba, Allah ya kawo sauƙi. Nan Abijan lafiya lau. Aikin garaji ya ɗan ja baya, amma na riƙe azumin nafila, kada ku damu.

Hoton ya iso. Na ga motata 'yar Amirka da na bar maka a Zango ta durƙusa, cikinta na neman taɓa ƙasa. Ka ce yayi ne, wai Dodo bakanike ya sa mata gajerun rasor masu araha, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi.

Suma'ila, wannan sana'ata ce. Mai son motarsa ta yi ƙasa yakan haɗa gajerun rasor da amortisar masu tare girgiza daidai tsawonsu, ƙafa huɗu su zauna daram. Wannan kuwa ta karkace hagu, tsofaffin rasor aka yanka da zarto aka sa mata. Wa ke sauke mota ya shiga yashin Damagaram Takaya? Ina rasor ɗina na asali, da masu jigila suka sha roƙo in sayar musu?

Kai da ko hula ba ka karyawa, yaushe ka fara yayi? Kuma bayan motar na hango turakun akuyoyin Inna, ba ko ɗaya a ɗaure.

Ban yi fushi ba, mota ƙarfe ce. In sayar da su ka yi ka sayi hatsi, Allah ya yi maka albarka, ka sayar da sauranta ma. Amma ka faɗa mini gaskiya: sau nawa ake ɗora tukunya a gidan nan?

Yayanka,
Kolo