Ƙorafi Kan Sa Sunana a Kundin Magani da Ban Amince da Shi Ba

Asiya Nu'uman,
Sashen Masu Ciwon Daji,
Asibitin Gidauniyar Sauƙin Jinya, Argungu.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Babban Darakta,
Gidauniyar Sauƙin Jinya,
Nassarawa, Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SABON KUNDIN ƘA'IDOJIN MAGANCE RAƊAƊI GA MASU CIWON DAJI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha bakwai a wannan aiki. Ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 5 ga Fabrairu aka sa ni cikin kwamitin sabunta kundin, ƙarƙashin Dakta Sunusi Riskuwa, wanda shi ya koya mini aiki tun ina sabuwa. Ya umarce ni in tattaro bayanan majinyata, ya kuma yi alkawari a gaban kowa cewa ba za a buga komai ba sai an saurare su.

2. Na zauna da mutum talatin da ɗaya. Cikinsu akwai Malam Tamba, manomin shinkafa daga Augie, wanda tun da aka fara sa masa ruwan maganin daji tafin ƙafarsa ke zafi kamar ya taka garwashi. Takalmi ya gagare shi, balle shiga fadama. Ya gaya mini har iyalinsa sun fara zaton raki yake yi, tun da ba rauni ba kumburi. Da bakina na ce masa ya ƙara haƙuri, gyara na tafe.

3. Na miƙa rahotona ranar 20 ga Mayu. Daga ranar ba a sake kira na zama ba.

4. Ranar 2 ga Satumba kundin ya iso Argungu. Ranka ya daɗe, tsohon ne aka sauya wa bango. Har kuskuren bugun da ke shafi na goma sha huɗu yana nan. Ciwon jijiya, irin na Malam Tamba, layi biyu ya samu: a ba da farasitamol, in bai yi ba a sanar da likita. Babu yadda za a tambayi majinyaci, babu maganin da ya dace da jijiya, babu gargaɗi kan masu ciwon ƙoda, babu madogara ko ɗaya. Likitan da aka ce a sanar kuwa ran Laraba kawai yake zuwa mana.

5. A shafin ƙarshe na ga sunana cikin waɗanda suka duba suka amince. Ban gani ba, ban sa hannu ba. Na kira Dakta sau huɗu, amsar da na samu ita ce kada in ɗaga hankalina kan takarda.

6. Malam Tamba ya daina zuwa, saura zagaye biyu ya kammala maganinsa. Matarsa ta aiko cewa ya ce ba ya iya ƙarawa, kuma a gaishe ni.

Saboda haka ina roƙon a janye kundin, a cire sunana a rubuce, a kafa sabon kwamiti da zai haɗa da mai haɗa magunguna da wakilin majinyata. Ina kuma roƙon a ba ni likita da mota cikin makon nan mu je Augie mu dawo da bawan Allah nan. Ni kaɗai ba ni da idon da zan dube shi.

Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora.

Taka mai biyayya,
Asiya Nu'uman