Kuɗin likkafanin kaka da makarantar Kuluj

Uwargida Veturia, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura arba'in na koyi riƙe biro, kuma 'yata Smaranda ce ta koya mini, ita ce kuma dalilin wannan wasiƙa.

Mijina ya rasu, ya bar mini ita da mahaifiyarsa, Baba Profira, da gida da 'yar gonar inabi. Cuku nake sayarwa a kasuwar Vaslui. Bana Smaranda ta ci jarrabawa wuri biyu. A jami'ar garin Yash, kusa da mu, sun ba ta gurbin da gwamnati ke biya, fannin injiniyan gini. A ta garin Kuluj mai nisa kuwa ta samu zanen gine-gine, abin da take mafarki tun tana zana gidaje a bayan kwalin cukuna, amma gurbin biya ne, ga tsadar haya. Banki sun ce za su ba da rance idan na sa gonar jingina. Yash kuma sun ce in ba a kai musu ainihin takardar shaidarta ranar Juma'a ba, wani za su ba.

Na ce Yash. Ta ce wai so nake in ɗaure ta a ƙafar akuya. Kwana biyu ba ta ci abincina ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, shekaranjiya na tarar Baba ta buɗe akwatinta, inda ta ajiye kayan da za a binne ta da su, da tawul ɗin da za a raba wa masu ɗaukar gawa. Ta ciro kuɗin jana'izarta da na sadakar arba'in, ta damƙa wa yarinyar. Da na yi magana sai ta ce in daina kuka kamar an mutu, ita ba ta da niyyar mutuwa bana. Matar da ko matakala ba ta iya hawa! In ta cika cikin hunturu, da me zan biya fadan cocinmu? Da me zan ciyar da mutane? A ƙauyenmu ba a manta gidan da ya kasa yi wa mamacinsa sadaka. Kuma kuɗin shekara ɗaya kawai za su biya, saura biyar bashi.

Amma yarinyar da ta kama hannuna har na rubuta sunana, ni zan tare mata hanya? Ko tsorona ne kawai na jahila?

Uwar da ta rasa madafa

'Yar'uwa, wannan ba jahilci ba ne. Wadda ta tambaya da me za a biya, ta fi wanda ya sa hannu bai tambaya ba. Ita ma Smaranda ba taurin kai kawai take ba: zanen gini daban, injiniya daban, kuma shekarun karatun da zuciya ba ta so suna da tsawo.

Na farko, ku kai takardar Yash kafin Juma'a. Yawanci gurbin biya yakan karɓi kwafi, ta buga wa Kuluj waya gobe ta tabbatar. Ta kuma tambaya ko ɗalibin da ya yi fice yakan koma gurbin kyauta a shekara ta biyu, da mutum nawa suka samu haka bara. Amsar ita za ta nuna ko fata ne ko caca.

Gona kuwa kada ki sa ta jingina. Ku je bankin tare, ita ta karanta miki sharuɗɗan da bakinta, har layin da ya faɗi abin da zai faru in an kasa biya. In bayan haka tana son Kuluj, ta nemi tallafi da ɗakin makaranta da aikin hutu, ta kawo miki lissafin da babu gonar a ciki.

Kuɗin Baba a mayar akwati. Kada ki ƙwace, ki gaya wa Smaranda damuwarki yadda kika gaya mini, ita ta mayar da hannunta. Yarinyar da ta yi haƙurin koya wa uwarta baƙi ba za ta so a binne kakarta da bashi ba.

Allah ya ja kwanan Baba, ya sa ta ga gidan farko da jikarta za ta zana.

Veturia